Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Magina Da Masu Ƙawata Gidaje: Ku Duba Tsohon Gida Kafin Ku Ɗaga Guduma

Zuwa ga magina, birkiloli, kafintoci, masu fenti, da masu tsara adon cikin gida.

Assalamu alaikum. Sannunku da aiki, Allah ya yi wa sana'a albarka.

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki alƙalami. Ni ba magini ba ne, ban taɓa kwaɓa ƙasa ko siminti da sunan sana'a ba, kuma da yawa daga cikinku sun haife ni. Na san akwai nauyi mutum ya tsaya gaban masu abu yana gaya musu yadda za su yi da abinsu. Abin da ya ba ni bakin magana shi ne ina zaune a cikin tsohon gida, gidan da ya girme ni, ya girmi mahaifina, kuma na ga abin da gyara ya yi masa da idona. Don haka iyayena da yayyena, ku yi haƙuri ku saurare ni har in kai aya.

Sabon gida allo ne wankakke, duk abin da kuka ga dama sai ku rubuta. Tsohon gida kuwa an riga an yi rubutu a kansa, wasu hannuwa sun riga naku, kuma yawancin masu hannuwan sun kwanta dama, ba za su dawo su sake ba. Roƙona gare ku shi ne ku karanta abin da ke jikin allon kafin ku wanke shi. Abin da kuka ƙara wa gida, wani zai iya cire shi gobe idan bai yi masa ba. Abin da kuka farfasa kuka loda a mota aka kai juji, ya tafi ke nan.

Bari in fara da ɗakin da ya koya mini wannan karatu. Shekara shida da suka wuce na kira masu gyara su yi wa ɗakin baƙi na gidan kwalliya. Bangon ɗakin na ƙasa ne, kaurinsa ya fi kamu guda, an ɗora shi a kan harsashin dutse, an shafe shi da farar ƙasa shafi bisa shafi tsawon shekarun da ban san adadinsu ba. Idan ka shafa tafin hannunka a jikinsa za ka ji ɗan tudu da kwari, kuma hannunka zai fito da ɗan farin gari. Shugaban masu aikin, mutum mai fara'a da saurin hannu, ya dubi bangon ya ce mini wannan ai ba bango ba ne, za su kankare shi su yi masa filastar siminti, su bi da fentin mai, in huta da shara har abada. Na amince, domin a lokacin abin da na sani ke nan. Cikin kwana tara suka gama. Ɗakin ya yi sumul, yana ɗaukar ido, duk wanda ya shigo sai ya yaba.

Damina ta biyu ba ta fita ba fentin ya fara kumbura daga ƙasa, kamar bororon ƙuna. Na sa yatsa na danna ɗaya, ya fashe, sai ga wani farin gishiri mai laushi a ciki. Warin ruɓa ya kama ɗakin, littattafan da ke jingine da bango suka yi funfuna. Da na ƙwanƙwasa filastar sai na ji tana amsawa kamar ganga, alamar ta rabu da bangon da ke bayanta. Ranar da aka ɓalle ta, ƙasar da ta tsaya ƙyam fiye da shekara ɗari ta biyo ta tana zuba, jiƙe sharkaf, ana iya dunƙula ta a hannu. Na tsaya ina kallo, raina ya ɓaci ƙwarai, domin bangon nan bai yi wa kowa laifi ba. Kitso aka yi masa da ƙwarƙwata, kuma da kuɗina aka yi.

Ba na kawo wannan don in ci mutuncin wanda ya yi aikin ba. Abin da aka koya masa ya yi, kuma a sabon gini na bulon siminti aikinsa daidai ne. Kuskuren shi ne ɗaukar cewa bango bango ne. Tsohon bango, na ƙasa ne ko na jan bulo ko na dutse, yawancinsa ba a sa masa shimfiɗar hana danshi a gindi ba. Yana tsotsar laima daga ƙasa, yana shan feshin ruwan sama, sannan ya fitar da ita ta fuskarsa idan iska ta kaɗa, kamar yadda randa ke gumi. Muddin hanyar fita a buɗe take, bangon yana nan lafiya. Siminti da fentin mai su ne ke toshe wannan hanya. Ruwa bai daina shiga ta ƙasa ba, ga shi kuma ya rasa mafita, sai ya hau sama ya taru. Yana tafe da gishirin da ya narkar daga cikin ƙasa, kuma duk inda ya samu ya bushe, gishirin ya daskare ya buɗe, ya ture fenti, ya cinye fuskar bulo. Ga wani abu kuma: tsohon gini yana ɗan motsi da zafi da sanyi, siminti kuwa ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Ta wannan siririyar tsaga ruwan sama ke kurɗawa ya maƙale a baya. Kan katakon rufi da ke binne a cikin irin wannan bango shi ne ke fara ruɓewa, gara kuma ba ta son komai kamar jiƙaƙƙen itace a cikin duhu.

Mutane suna mantawa cewa siminti baƙo ne a tarihin gini. A 1824 ne wani birkila ɗan garin Leeds a Ingila, Joseph Aspdin, ya yi rajistar abin da ya kira simintin Portland, kuma sai a ƙarni na 20 ne ya mamaye ginin gidajen jama'a. Kafin nan duniya ta yi dubban shekaru tana gini da ƙasa da farar ƙasa da itace. Garin Shibam na ƙasar Yaman, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1982, benaye ne na tubalin ƙasa, wasu hawa biyar, wasu sun kusa ninka haka, kuma abin da ke kare rufinsu da samansu daga ruwa shi ne shafen farar ƙasa da ake sabuntawa. Akwai kuma darasin da aka koya da tsada a jihar New Mexico ta Amurka. Tsohuwar majami'ar Ranchos de Taos, wadda ginin ƙasa ce, an lulluɓe ta da filasta mai tauri a 1967, da niyyar a huta da yaɓen shekara-shekara. Ruwa ya shiga bayan filastar ya riƙa cin ginin a ɓoye. Zuwa 1979 dole aka ɓalle ta, aka sake gina sassan da suka lalace, mutanen garin suka koma yaɓa ta da ƙasa da ciyawa kamar yadda kakanninsu suka yi. Abin da ya sami ɗakina ke nan, sai dai nasu ya fi girma.

Na san dalilin da ya sa da yawanku ke gudun farar ƙasa, kuma dalili ne mai ƙarfi: ba ta da sauri. Dutsen farar ƙasa ake ƙonawa a wuta mai zafin kusan digiri 900, a zuba masa ruwa ya tafasa ya narke, a bar shi ya kwanta. Idan an shafa ta a bango, ba bushewa kawai take yi ba, iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi take zuƙa a hankali har ta koma dutse kamar yadda ta faro. Wannan yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Tana son a yi mata shafi siriri sau biyu ko uku, a riƙa yayyafa mata ruwa, a kare ta daga rana mai ƙuna. Mai aikin da ke da wurare uku suna jiransa ba ya son jin wannan. Amma laushin nan nata da kuke rainawa shi ne amfaninta. An so ta fi bulo laushi ne da gangan, don in za a ci wani abu, ita a ci, bulo ya tsira. Sake shafi abu ne mai sauƙi, sake bango kuwa babban aiki ne. Ku gaya wa mai gida gaskiyar kwanakin da aikin zai ɗauka, ku sa ladan haƙurinku a cikin lissafi. Wanda ya san ciwon gidansa zai biya. Kuma don Allah, tsohon jan bulo kada a wanke shi da injin feshin yashi don ya yi ja kamar sabo. Fatar da wuta ta gasa masa ita ce garkuwarsa, in aka kankare ta sai ya riƙa shan ruwa kamar soso.

Yanzu bari in zo kan ƙofa, domin ita ce abin da na yi sa'ar cetowa. A ranar farko ta wancan aiki na dawo gida da yamma na tarar an ciro ƙyauren ɗakin an jingine shi a waje tare da tarkacen da za a kwashe. An ce mini ya tsufa, ƙasansa ya ci, za a kawo na zamani. Na tsuguna na dube shi da kyau, karo na farko a rayuwata, duk da na shige ta gabansa sau dubbai. Faffaɗan katako uku ne aka haɗa, ba ƙusa ko ɗaya a mahaɗarsu sai turakun itace. Idan haske ya bugi gefensa ana ganin sawun kayan sassaƙa, layi-layi, ba biyu da suka yi daidai da juna. Wurin da ake turawa da hannu ya lotsa ya yi santsi, ya yi duhu da maiƙon tafin mutanen da ban taɓa gani ba. Ɓarnar da ake magana kuwa ba ta wuce faɗin yatsu huɗu daga ƙasa ba. Na ce a mayar mini da shi ciki. Daga baya wani dattijon kafinta ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya yi masa ƙari da itace irinsa, yini ɗaya ya gama. Ya ce mini irin wannan katako daga bishiyar da ta girma a hankali aka yanko shi, zarensa a matse yake, shi ya sa ya kai yau, kuma ba zai iya samo mini irinsa a wurin masu sayar da katako ba ko nawa zan biya.

Wannan dattijo ne ya nuna mini wani abu da nake so kowane mai fenti ya riƙa yi. Ya ɗauki wuƙa mai kaifi ya yi ɗan yanka a karkace a bayan ƙyauren, wurin da ido ba ya kaiwa, faɗinsa bai fi farce ba. Sai ga launuka a jere kamar zaren saƙa: ruwan ƙasa na sama, ƙarƙashinsa fari, sai shuɗi, sai wani kore mai duhu, can ƙasa kuma ja irin na jar ƙasa manne da itacen. Tarihin ɗakin ke nan cikin abin da bai kai kaurin takarda goma ba. Masana adana gine-gine haka suke yi, sai dai su da madubin ƙara girma. A gidan George Washington, shugaban Amurka na farko, da ke Mount Vernon, an daɗe ana ɗauka cewa mutanen ƙarni na 18 launuka masu sanyi da dushewa suke so. Da aka binciki ɓawon fentin ɗakunan wajen 1980, sai aka gano ɗakin cin abincinsa kore ne shar mai ɗaukar ido. Abin da mutane suke ɗauka launin da ne, ashe launin da ya koɗe ne ya sha hayaƙi. Saboda haka kada ku yanke wa tsohon gida hukunci da zato. Amsar tana jikin bangon, minti goma ya isa a tono ta.

Ban ce dole a koma launin farko ba. Mai gida yana da ikon ya zaɓi abin da idonsa ke so, fenti kuma yana cikin abubuwan da ake iya sakewa. Amma ku sani farin nan mai ƙyalli da ke kashe ido, wanda ake zubawa ko'ina yanzu, daga sinadarin titaniyom ake yinsa, kuma sai a ƙarni na 20 ya shigo kasuwa. Babu tsohon ɗakin da aka gina da shi a rai. A bangon da hannu ya shafe, irin wannan fari mai sheƙi yana tona kowane tudu ya mai da shi aibi, alhali farar ƙasa ko fenti maras ƙyalli yana shanye haske ya bar bangon da taushinsa. Haka gilashin taga. Shimfiɗaɗɗen gilashi maras lanƙwasa ko kaɗan ya yaɗu ne bayan kamfanin Pilkington ya bayyana sabuwar hanyar yinsa a 1959. Wanda ya riga shi yana da ɗan rawa a ciki, in ka leƙa ta cikinsa sai ka ga bishiya tana motsi kamar a ruwa. Idan kun tarar da irinsa bai fashe ba, ku bar shi a mazauninsa.

Kada wani ya ɗauka ina cewa duk abin da ya tsufa alheri ne. A nan ma ina da magana da ku, kuma ta fi ta ado muhimmanci, domin ta shafi ranku. Tsohon fentin mai da yawansa akwai dalma a ciki. Amurka sai a 1978 ta hana amfani da shi a gidajen zama, wasu ƙasashen kuma sun daɗe bayan nan ana sayar da shi. Yana zaune lafiya a jikin ƙofa ba ya cutar da kowa sosai, amma ranar da aka sa masa takardar gogewa a bushe ko aka ƙona shi da wuta, ya zama ƙura da hayaƙin da ke shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara ne suka fi shan wahala, domin tana taɓa ƙwaƙwalwarsu ta yadda ba ya gyaruwa. Ina ganin yaranku masu koyon aiki suna goge tsofaffin ƙofofi ba ko ƙyalle a hanci, sun yi fari fat da ƙura, su koma gida da kayan a jikinsu su ɗauki ƙannensu. Ku jiƙa wurin kafin ku goge, ku rufe ɗakin, ku sa takunkumi na gaske, ku fitar da yara da masu juna biyu daga gidan. Haka allunan silin da kwanon rufi na asbestos, wani ma'adini mai zare-zare, wanda Birtaniya ba ta hana shi gaba ɗaya ba sai 1999. Wanda ya shaƙi ƙurarsa yau, ciwon huhun yana iya ɓoyewa shekara ashirin ko talatin kafin ya bayyana. Ba a sara shi, ba a huda shi, ba a farfasa shi da guduma. Har takardar bango ta ƙarni na 19 mai launin kore, wata da gubar arsenik aka rina ta. Girmama tsohon gida bai hana a raba shi da abin da ke kisa ba, a dai yi shi da sani.

Akwai kuma wata ɓarna da ke zuwa ta ɗaya gefen, kuma ita ta fi samun masu tsara ado fiye da magina. Wannan ita ce ta wanda ya ƙaunaci tsufa har ya fara ƙirƙiro ta. Za ka ga an manna wa silin gungumen roba mai kamar itace wanda ba ya ɗauke da komai, an bugi sabon katako da sarƙa don ya yi tabo, an kawo ado irin na fadar wata ƙasa an liƙa wa gidan da talaka mai rufin asiri ya gina daidai ƙarfinsa. Gida kowane iri yana da matsayinsa, kuma ƙaramin gida mai sauƙin ado ba ya bukatar a ara masa rigar da ba tasa ba. Manya ma sun faɗa wannan rami. Eugène Viollet-le-Duc, babban masanin gini na Faransa, da ya gyara ganuwar birnin Carcassonne daga 1853, ya ɗora wa hasumiyoyinta rufi mai tsini na baƙin allon dutse irin na arewacin ƙasar, alhali a kudu jan tayil aka saba rufi da shi. Har yau ana muhawara a kan aikin. Irin wannan gyara ne ya sa William Morris, mai tsara ado kuma marubuci, da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a Ingila a 1877, wadda aka yi wa laƙabi da masu adawa da kankare bango. Abin da suka nema shi ne a riƙa kula da gini kullum, a tokare bangon da ya karkata, a toshe rufin da ke yoyo, a daina kankare shi don a mayar da shi wani zamanin da ake zato. Yarjejeniyar Venice ta 1964, ƙa'idojin adana gine-gine da masana na ƙasashe suka amince da su, ta zo ta ƙara fayyacewa: gyara ya tsaya a inda zato ya fara, a mutunta abin kirkin da kowane zamani ya ƙara wa gini, kuma sabon da aka sa ya zauna lafiya da tsohon amma mai lura ya iya bambance su. An rubuta ta ne don manyan gine-ginen tarihi, amma ban ga abin da ya hana ta aiki a gida mai ɗaki huɗu ba.

Wannan magana ta zamuna tana da muhimmanci, domin tsohon gida ba rana ɗaya aka gama shi ba. Wani ya gina, ɗansa ya ƙara ɗaki, jikansa ya buɗe taga, wata ta shimfiɗa tayil mai zane shekara sittin da suka wuce. Duk gidan ne. Mu ma da muke ciki yau muna da haƙƙin mu bar namu sawun. Ba wanda ya ce a zauna a duhu ko a yi wanka da bokiti don a burge tarihi. A sa wuta, a ja ruwa, a yi banɗaki da ɗakin girki na zamani, domin gidan da ba a jin daɗin zama a cikinsa watsar da shi ake yi, kuma kango ba ya daɗewa. Abin lura kawai shi ne yadda za a shigo da su. Yarjejeniyar Burra ta Ostareliya, wadda aka fara fitarwa a 1979, an san ta da ƙa'ida guda: a yi duk abin da ya zama dole, amma a taɓa kaɗan gwargwadon iko. Wayar wuta ta bi ta bututu a kusurwa ko ta hanyar da aka riga aka huda, maimakon a tsaga bango mai zane daga sama har ƙasa. Kabad ɗin ɗakin girki ya tsaya da ƙafarsa, a bar ɗan sarari tsakaninsa da bango iska ta wuce. Na'urar sanyaya ɗaki a nema mata bayan gida, kuma ruwanta kada ya riƙa ɗiga a gindin bango. Kafin a rushe bangon tsakiya don a faɗaɗa falo, a kira injiniya ya duba abin da yake ɗauke da shi.

Doguwar silin ma da kuke saukarwa da allon filasta don a jera ƙananan fitilu, ba don ado aka ɗaga ta ba. Zafi sama yake hawa, kuma kaurin bango yana riƙe zafin rana sa'o'i da yawa kafin ya iso ciki, ƙananan tagogin sama kuma su fitar da shi. In an saukar da silin aka toshe su, sai ɗakin da yake da sanyinsa ya koma bukatar inji. Daɓen ƙasa ma yana numfashi kamar bango, in aka rufe shi da kankare da tayil mai sheƙi, danshin da ke fita ta nan sai ya karkata ya hau bango. Fitila kuwa, a zaɓi mai ɗumi, wadda aka rubuta 2700K a kwalinta. Mai 6500K haskenta fari ne mai shuɗi-shuɗi, yana mai da tsohon ɗaki kamar ɗakin gwaji. Kujeru da labule ba zan tsaya a kansu ba, su baƙi ne, yau suna nan gobe an sake. A dai auna su da girman ɗakin, kada a toshe taga da su.

Na san abin da za ku ce, domin an faɗa mini: mai gida ne ya ce a yi, mu kuwa abincinmu muke nema. Gaskiya ne, kuma ba na raina neman halak. Amma ku tuna yadda abin yake faruwa. Mai gida yakan zo da hoton da ya gani a waya, bai san abin da ke bayan bangonsa ba, ku kuka sani ko kuke da hanyar sani. Ni da na amince aka yi wa ɗakina siminti, da mutum ɗaya cikin masu aikin ya ja ni gefe ya ce Malam, wannan bangon ba ya son siminti, ga abin da zai faru, wallahi da na tsaya. Likita ba ya rubuta wa maras lafiya duk maganin da ya nuna da yatsa. In kun faɗa ya ƙi ji, kun fita haƙƙinsa. Ko a nan ma akwai abin da za ku iya: ku ɗauki hoton kowane ɗaki kafin ku taɓa shi, ku ciro ƙofa da taga da marfin ƙarfe a hankali ba tare da kun karya ba, ku rubuta daga inda kowanne ya fito, ku roƙe shi ya ajiye su a ɗakin ajiya. Wanda zai gaji gidan wataƙila ya neme su.

Ga shugabannin ƙungiyoyinku kuma, ranku ya daɗe, ina da roƙo na musamman. Dattawan da suka iya kwaɓa farar ƙasa, suka san ƙasar da ta dace da yaɓe, suka iya ƙarin itace ba ƙusa, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma yaran da ke tasowa ba wanda ke tura su wurinsu. A Japan akwai wurin ibada na Ise da ake sake gina shi duk shekara ashirin, na baya-bayan nan a 2013, kuma ɗaya daga cikin amfanin hakan shi ne kowane tsara na kafintoci yana koyon aikin daga hannun na gabansa. Takardar Nara ta 1994, wadda masana adana gine-gine suka tsara a can Japan ɗin, ta sanya dabarun aiki da al'adar yinsa cikin abubuwan da ake auna sahihancin gini da su. Kafintan da ya gyara mini ƙofa ya haura saba'in, idonsa ya fara rauni, kuma ya gaya mini shekara goma rabon da wani yaro ya zauna da shi ya koyi wannan ƙari. Ku nemi irinsu tun suna da ƙarfin nunawa, ku haɗa kowannensu da matasa biyu ko uku, ku sa aikin tsohon gini cikin abin da ake koya wa yaro kafin a yaye shi.

Ɗakin nawa an ɓalle simintin duka. Mun bar bangon tsirara wata biyar yana shan iska kafin ya bushe, aka cike inda ya zube da ƙasa irin tasa, aka yi masa shafi uku na farar ƙasa, aka gyara indararon da ke zubar da ruwa a gindinsa. Damina uku ke nan bai kumbura ba, warin ma ya tafi. An mayar da ƙyauren mazauninsa, na sa an shafa masa koren nan mai duhu da muka tarar a ƙarƙashi, ɗan yankan da dattijon ya yi a bayansa kuma na hana a rufe shi. Sauran ɗakuna biyu suna jiran gyara bana, kuma a cikinku zan nemi wanda zai yi. Wanda ya zo, zan roƙe shi ya bar kayan aikinsa a bakin ƙofa tukuna, mu zagaya gidan tare, ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa saman silin, ya gaya mini abin da ya gani.

Allah ya kare ku daga hatsarin aiki, ya ƙara buɗi.

Naku,
Ɗan'uwanku mazaunin wani tsohon gida.